"The very man": kuskure ne ko Turanci ne?

Auta: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina da tambaya, don Allah kada a yi mini dariya. Jiya a wurin lesin muna bitar tsofaffin tambayoyin jarrabawa, sai muka ci karo da wannan jimlar a cikin labarin da ake karantawa a amsa tambayoyi: "He was the very man we were looking for." Ni dai tun firamare abin da aka koya mana shi ne *very* tana nufin sosai, *very big*, *very hot*. To ta yaya za a ce mutum sosai? Na tambayi mai yi mana lesin, ya ce wataƙila wajen buga takardar ne aka tsallake wata kalma, kamar *tall* ko *good*. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ai malaminku ya yi gaskiya, tsallakewa aka yi. *Very man* kuma? Gobe sai mu ji *very* shadda, *very* atamfa.

Baba Tica: Wa alaikumus salam 'yata. Ba a tsallake komai ba, jimlar lafiyarta ƙalau. Abin da take nufi shi ne: shi ne ainihin mutumin da muke nema, shi ɗin dai, ba mai kama da shi ba. Duk inda *very* ta zo kai tsaye kafin suna, aikin "ainihi" take yi. *This very day*, yau ɗin nan. *At the very end*, can ƙarshen ƙarshe. *Before my very eyes*, a kan idona ƙiri-ƙiri. Shekara talatin da biyar na yi riƙe da alli, kuma babu shekarar da irin wannan jimla ba ta ka da yara ba. Ki sanar da malamin naki, amma ki same shi shi kaɗai, ba a gaban 'yan aji ba. Kai kuma Ɗan Kwari, ka tsaya kan yadinka.

Ɗan Kwari: Tuba nake Baba. Na koma bayan kanta.

Auta: Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ke nan kalmomi biyu ne rubutunsu ya zo ɗaya, kamar *bank* na kuɗi da *bank* na bakin kogi?

Mai Fassara: A'a Auta, kalma ɗaya ce. Wadda ta ba ki mamaki jiya ita ce uwar, wadda kika sani tun firamare kuwa 'yarta ce.

*Very* ba haifaffiyar Ingila ba ce. A ƙarni na 13 ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci, inda ake cewa *verai*, ma'ana na gaskiya, na ainihi. Shi kuma Faransanci tushenta ya gado daga Latin, *verus*, gaskiya dai. Da ta shigo, sifa ce, suna take rakiya, ba bayanau ba ce kamar yadda ake koyar da ita yanzu. Geoffrey Chaucer, marubucin waƙoƙin nan da ya rasu a 1400, da ya zo yabon wani barde a littafinsa The Canterbury Tales sai ya ce da shi "a verray, parfit gentil knyght". Mai karatu na yau zai ɗauka *very perfect* aka ce, wato cikakke sosai. Ba haka ba ne. Yabo ne a jere, kamar maroƙi na kirari: barde na gaskiya, cikakke, ɗan asali.

Amma ki lura da mazauninta, tana maƙale da wata sifar. Kunnen da ya ji "na gaskiya, cikakke" sau ɗari, wata rana zai fara jin "cikakke da gaske". Haka aka yi ta tafiya, zuwa ƙarni na 15 ta zama abin ƙara wa sifa ƙarfi kawai. Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, ta dai koma lungu, ita ce kika gani a *the very man*.

Danginta suna nan kina amfani da su kullum. *Verify*, tabbatar da gaskiyar abu. *Verdict*, hukuncin kotu, wanda asalinsa "faɗin gaskiya". Taken jami'ar Harvard ma kalma ɗaya ce, *Veritas*, gaskiya.

Ɗan Damagaram: Kai! Tsaya, tsaya. *Verai*? Ai wannan *vrai* ce tamu! Mu da muka yi lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci kullum muna cewa *c'est vrai*, gaskiya ne, da *vraiment*, da gaske. Na shekara ina fama da Turancinku na Najeriya saboda kasuwanci, ban taɓa kawo wa raina cewa *very* da *vrai* ciki ɗaya suka fito ba. Da malaminmu ya faɗa mana haka da ban sha wahala ba.

Mai Fassara: Ciki ɗaya kuwa, malam. Taku ta zauna gida ta riƙe sana'ar gado, tasu ta tafi ci-rani ta sauya sana'a.

Ɗan Damagaram: To abin dariyar shi ne, mu a Faransanci idan za mu ce sosai ba *vrai* muke cewa ba, *très* muke cewa. *Très bien*, *très chaud*.

Mai Fassara: Ita ma da nata labarin. *Très* daga *trans* ta Latin take, wato ƙetarewa, wucewa, irin ta *transport*. Kamar Bahaushe ya ce abu ya wuce misali, ko ya wuce hankali.

Ɗan Kwari: Na leƙo daga bayan kantar. Wai Turawan nan har kalma suke kwasowa daga ƙasar mutane? Me ya kai Faransanci Ingila?

Baba Tica: Wannan karon ba su suka je kwasowa ba, su aka zo aka ci da yaƙi. A 1066 William, mai mulkin Nomandi a arewacin Faransa, ya ƙetaro teku da rundunarsa, aka gwabza a Hastings, Sarki Harold na Ingila ya mutu a fagen daga, William ya hau gadon. Daga nan fada da kotu da manyan masu ƙasa duk suka koma magana da Faransanci, talaka kuma yana gona da Turancinsa. An ɗauki wajen shekara ɗari uku a haka. Sai a 1362 aka yi dokar cewa a riƙa yin shari'a da Turanci, kuma ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta.

Misalin da nake ba yara a aji shi ne na nama. Dabbar tana raye a hannun makiyayi sunanta na Turanci: *cow*, *sheep*. Da zarar ta hau teburin mai gida sai ta koma *beef*, *mutton*, sunan Faransanci.

Ɗan Damagaram: *Bœuf* da *mouton*! Baba, a wurinmu *mouton* rago ne mai rai yana kuka. Ashe can sai an yanka shi yake samun sunan.

Malam Na-Zaure: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, amma wannan magana ta taɓo gonata. Abin da Mai Fassara ya bayyana ba a Turanci kaɗai ya faru ba. Balarabe idan zai ce sosai yakan ce *jiddan*, daga *jidd*, wato abin da ba wasa ba, daidai da namu "da gaske". Mu ma da muka ari kalmomin Larabci haka muka yi da su. "Ainun" da "ainihi" duk daga *ain* suke, ido, wanda kuma ake nufin zatin abu da shi. Sai ga shi "ainihi" ta tsaya a kan ma'anarta, "ainun" kuwa ta zama ta ƙarfafawa: ya yi kyau ainun. Idan na fahimci Baba daidai, *the very man* ainihi ce, *very good* kuma ainun ce. Kalma ɗaya ta rabu biyu a can, ta rabu biyu a nan.

Kuma na sha ganin *verily* a fassarar Alƙur'ani ta Turanci, musamman ta Abdullah Yusuf Ali, a wuraren da Larabci ya zo da *inna*, inda mu muke cewa "lalle". Ita ma daga nan take?

Mai Fassara: Allah ya gafarta Malam, daga nan take, *very* ce aka liƙa mata *-ly*. Ta riƙe tsohuwar ma'ana saboda a littattafan addini ta zauna, ba a yawo da ita kasuwa. Fassarar Baibul ta 1611, wadda aka yi zamanin Sarki James, cike take da ita, masu fassara Alƙur'ani kuma suka bi wannan salon don ya fi kama da maganar girma. Yanzu in ka ce wa Bature *verily* a tasha sai ya waiga ya dube ka.

Misalinku na ainun da ainihi kuwa ya fi duk abin da na kawo. Zan ara, da izininku.

Maman Hanif: Ni ma bari in ƙara ɗaya da ba ta Larabci ba. "Ƙwarai". Kakata in tana yabon mutum cewa take yi "mutumin ƙwarai ne", ko "ta fito gidan ƙwarai". A nan ai ba sosai take nufi ba, na kirki take nufi, na gaske. Amma kuma muna cewa "na gaji ƙwarai". Har mu haɗa biyu mu ce "ƙwarai da gaske", kamar ɗaya ba ta isa ba.

Auta: Anti, ke nan "mutumin ƙwarai" shi ne *very man* ɗin Hausa?

Baba Tica: Kusa, amma ba daidai ba. Mutumin ƙwarai yabo ne. *The very man* babu yabo a ciki, nuni ne: shi ɗin dai. Ɓarawon da ya sace miki waya ma za ki iya nuna shi ki ce *the very man*. Kada ki haɗa su a jarrabawa.

Ɗan Kwari: To ni yanzu na gane zancen, domin a kasuwa muna ganinsa da ido. Da can in ka ce wa mai saye "wannan orijinal ne", magana ta ƙare, ya ciro kuɗi. Da kowa ya fara kiran kayansa orijinal, har mai jabu, sai kalmar ta zama ba ta sayar da ko ƙyalle. Muka koma "ainihin orijinal". Ita ma ta sha ruwa. Yanzu sai ka ce gangariya, ka rantse, ka warware bandir ɗin ka nuna tambarin da ke bakin yadi, ka ba Hajiya ta murza da hannunta, sannan ta ce maka za ta zagaya ta dawo.

Mai Fassara: Alhaji, ka bar kantar nan ka zo jami'a. Abin da ya sami kalmomin ƙarfafawa ke nan a Turanci, ɗaya bayan ɗaya. Kafin *very* akwai *swithe* a tsohon Turanci, wadda tushenta ƙarfi ne. Ta gaji ta mutu. Aka yi yayin *full* da *right*, su ma suka ja baya, sai ɓurɓushi irin *you know full well* da *Right Honourable* da ake kiran shugaban majalisa da shi. *Very* ta zo ta karɓe kasuwar. Da ita ma ta fara sanyi aka jawo *really* da *truly*, kuma ku duba, duka biyun daga gaskiya suka fito.

Akwai kuma wata hanyar, ta tsoro da ciwo. *Terribly kind*, *awfully nice*. Bajamushe yana cewa *sehr* a madadin sosai, kuma ita 'yar'uwar *sore* ce ta Turanci, ciwo.

Maman Hanif: Wannan ai mu ne sarakansa. Yarinyar nan tana da mugun kyau. Miyar ta yi bala'in daɗi. Yana da masifar kuɗi.

Malam Na-Zaure: Wannan kam ba na so. Allah ya ba ka ni'ima ka kira ta bala'i.

Maman Hanif: A yi haƙuri Malam, bakin ne ya saba. Amma tun da an zo nan, ina da ƙorafi. Mu da muke zaune Ingila wata kalma ta addabe mu a bakin yara: *literally*. Ran nan babbar 'yata ta dawo makaranta ta yar da jaka ta ce, "Mum, I literally died." Wai malami ne ya kira sunanta a gaban aji ba ta shirya ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na kwana a asibiti na dawo, kalmar mutuwa ba ta wasa ba ce a kunnena. Na ce mata to wa ya yi miki wanka, wa ya sallace ki? A yini ɗaya sai ta faɗi *literally* sau ashirin.

Baba Tica: Yawwa. Kin sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Wannan ba sauyin harshe ba ne, lalaci ne. *Literally* daga *littera* take, harafi a Latin. Ma'anarta harafi da harafi, yadda aka faɗa haka abin yake, babu ƙari babu azanci. An ajiye ta ne musamman don ranar da abin da ake faɗa da azanci ya faru a zahiri. In gini ya kama da wuta ka ce *the house was literally on fire*, kana gaya wa mai sauraro kada ya ɗauka salon magana ne, a kawo ruwa. To in yarinya ta ce *I literally died* tana tsaye tana cin biskit, ta ɗauki kalmar ta yi amfani da ita a kishiyar ma'anarta. Duk yaron da ya rubuta mini haka, jan biro ne.

Mai Fassara: Baba, da girmanku, zan ja da ku kaɗan. Yanzun nan muka gama yarda cewa *very* gaskiya take nufi. In na ce *I am very dead* don na gaji, ko *I'm really dying of hunger*, ba ku ɗaga jan biro kan *very* da *really* ba, alhali ƙarya suka rufa wa baya kamar yadda *literally* ta yi. Bambancin kawai shi ne su sun yi tafiyar tun kafin a haife mu, ita kuwa a gabanmu take yi.

Kuma ba ma yaran yanzu suka fara ba. An samo irin wannan amfani tun 1769 a rubutun Frances Brooke. Mark Twain, marubucin Amurka, a littafinsa The Adventures of Tom Sawyer, 1876, ya ce yaron nan Tom "was literally rolling in wealth", wai yana birgima cikin dukiya. Dukiyar me? Tarkacen da yaran unguwa suka ba shi don ya bar su su yi masa fentin shinge, har da mataccen ɓera da igiyar da ake lilo da shi. Ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da wannan ma'ana tun 1909. Hayaniyar da aka yi a intanet a 2013, lokacin da mutane suka lura Google na nuna ma'anar, ihu ne bayan hari.

Baba Tica: Ɗana, tsufan kuskure ba ya mai da shi daidai. Kuma kwatancenka da *very* bai zauna ba. Da *very* ta bar aikin gaskiya, akwai *true* tana nan, ba a yi asarar komai ba. Amma in *literally* ta tafi, wace kalma za ta gaya mini cewa ba azanci ake yi ba? Ka ɗauki labari: an ce farashi ya sa 'yan kasuwa *literally* sun rufe shaguna. Sun sa kwaɗo ne, ko ciniki ne ya ja baya? Kai mai fassara ne, wanne za ka faɗa wa masu sauraro?

Mai Fassara: Wannan kam kun kama ni, domin ya taɓa faruwa da ni. Ina fassara jawabin wani baƙo kai tsaye a wani taro, ya ce mutanen wani ƙauye "were literally swept away". Na ce ruwa ya tafi da su. Zaure ya yi tsit, wata mata ta fara salati. Ashe nufinsa murna ce ta kwashe su da aka kai musu rijiyar burtsatse. Sai da na nemi afuwa a lasifika. Tun daga ranar in na ji kalmar nakan ɗan dakata in ji jimla ta gaba.

Duk da haka ina kan bakana a abu ɗaya: ba a taɓa hana irin wannan tafiya da jan biro ba. In ta tafi, masu harshen za su nemo wata, kamar yadda Alhaji ya koma gangariya. Yanzu ma za ka ji suna cewa *actually*, ko *I mean that literally*, ko *no exaggeration*.

Baba Tica: Wato a kashe kalma ɗaya a ɗauko uku su yi aikinta. Wannan shi ne cinikin da kake yaba mini?

Ɗan Kwari: Baba, gaskiya ni dai na mutu da dariya a nan.

Maman Hanif: Ga shi nan! Alhaji ya ce "gaskiya", ya ce "na mutu", kuma yana nan yana danna waya. Wannan ai ita ce jimlar 'yata, harafi da harafi. Kai, ashe ni ma ina faɗa. Jiya ma na ce wallahi yunwa ta kashe ni.

Malam Na-Zaure: To ita wannan ta fi *literally* nauyi, domin rantsuwa ce. Amma ko ita shari'a ta san halin baki. A Suratul Baƙara aya ta 225 Allah ya ce ba ya kama ku da lagawu a rantsuwoyinku, kuma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta bayyana shi da irin faɗin mutum "a'a wallahi", "ƙwarai wallahi" a cikin zance ba da niyyar rantsuwa ba. Ba ina ba da lasisi ba ne, a dai rage. Ina nuna cewa tun wancan zamani kalma mai nauyi takan yi sauƙi a baki saboda yawan faɗa.

Baba Tica: Na ji, Malam. Hira daban, takarda daban. Ɗan Kwari ya mutu da dariya a nan babu mai tuhumarsa. Amma Auta jarrabawa za ta rubuta. 'Yata, ki saurare ni: a takardarki kada ki sa *literally* sai inda abin ya faru yadda aka faɗa. Mai duba takarda bai san Mark Twain ya yi ba, in ma ya sani ba zai ba ki makin Mark Twain ba.

Mai Fassara: A nan ban da ja. Ko ƙamus ɗin da suka shigar da ma'anar suna yi mata alamar cewa ta hira ce, ko kuma cewa mutane da yawa na ƙyamarta.

Auta: Na rubuta, Baba. To ita *-ly* ɗin da ake ta liƙawa, *really*, *truly*, *literally*, ita ma daga Faransa ta zo?

Mai Fassara: Ita kam 'yar gida ce, kuma labarinta ya fi na kowa ban mamaki. A tsohon Turanci akwai kalma *lic*, ma'ana jiki ko siffa. In an ce abu kaza-*lic*, ana nufin mai jikin kaza, mai siffar kaza. Ita ce ta rikiɗe ta zama ɗafa-ƙeyar *-ly*, kuma *like* ma daga nan take. A Jamusanci 'yar'uwarta *Leiche* har yau gawa take nufi.

Maman Hanif: Ikon Allah. Akwai wata 'yar rumfa mai rufi a ƙofar tsofaffin coci-coci a nan, a bakin maƙabarta, suna kiranta *lychgate*. Kullum ina wuce ɗaya a hanyar aiki.

Mai Fassara: Ita ce, Hajiya. Ƙofar gawa, inda ake ajiye makara kafin limaminsu ya fito.

Ɗan Damagaram: To mu namu *-ment* ne: *vraiment*, *doucement*, *rapidement*.

Mai Fassara: Naku daga *mente* ta Latin, wato da hankali, da zuciya. Bature na Ingila ya gina bayanau ɗinsa da jiki, na Faransa ya gina da hankali.

Ɗan Damagaram: Wannan zan riƙe shi in tsokani abokan cinikina na Kano.

Baba Tica: Tun da ana zancen *very*, bari in sauke wani nauyi da ya daɗe a raina. Yaranmu sun mai da ita gishiri, kowace jimla sai an barbaɗa. *Very very big*, *very very nice*. Abin da ke ba ni haushi shi ne yaron nan a Hausa ba ya haka. Ba zai ce fari sosai sosai ba, zai ce fari fat. Baƙi ƙirin, ja wur, kore shar, sabo fil, ya cika fal, ya bushe ƙayau. Kowace sifa da amsa-kamarta, ba a ba wa fari ƙirin. Wanda ya taso da wannan arziki bai kamata ya shiga Turanci ya zauna da kalma ɗaya ba. Su ma suna da nasu: *pitch black*, *brand new*, *bone dry*, *ice cold*. Ko kuma ka sauya kalmar gaba ɗaya, maimakon *very tired* ka ce *exhausted*.

Kuskure biyu kuma da nake gani kullum. Na farko, *very* ba ta bin aikatau ita kaɗai. "Ina son shi sosai" ba *I very like it* ba ce, *I like it very much* ce. Na biyu, *too* ba *very* ba ce. *The tea is very hot*, da zafi amma za a sha. *The tea is too hot*, ya yi zafi da yawa, ba ya shawuwa. Na taɓa ganin saurayi ya rubuta wa budurwa *you are too beautiful*, bai san ƙorafi ya shigar ba.

Ɗan Kwari: Baba, a ina kuka ga wasiƙar?

Baba Tica: A cikin littafin *grammar* ɗin da ya miƙo mini in duba. Na gyara masa na mayar.

Admin: Jama'a, saƙonni sun haura abin da aka saba, masu ƙaramin data suna kuka. Wanda ke da sabuwar tambaya ya buɗe sabon zare. Auta, in kin ga malamin naki ki dawo mana da labari.

Auta: Assalamu alaikum, na dawo. Yau na same shi bayan an tashi kamar yadda Baba ya ce. Da farko ya ɗan haɗe rai, sai ya ciro waya ya duba ƙamus, ya yi shiru, ya ce gobe ni zan yi wa 'yan aji bayani da kaina. Na kwafe misalin ainun da ainihi na Malam, da na orijinal na Alhaji. Na Chaucer ne ban san yadda ake furta shi ba, *knyght* ɗin nan.

Mai Fassara: A zamaninsa ana furta *k* ɗin, *gh* ɗin kuma daga maƙogwaro take fitowa, kusa da *kh* ta Larabci. Ki ce "kniikht". Za su yi dariya, ki bar su.

Maman Hanif: Allah ya ba da sa'a ƙanwata. Admin, a yi mini afuwa, guda ɗaya tak. Shekarata ta farko a nan shugabar sashenmu ta duba rahotona ta ce *quite good*. Na dawo gida da murna har na yi wa maigida dambun nama. Sai daga baya wata abokiyar aiki ta ja ni gefe ta ce a bakin Baturen Ingila wannan na nufin ba laifi, da dai sauran gyara. Alhali a makaranta an koya mana *quite* na nufin gaba ɗaya. Baba, wa ya yi mini ƙarya?

Baba Tica: Babu wanda ya yi miki ƙarya. *Quite right* gaba ɗaya ce, *quite good* kuwa da dama-dama. Buɗe sabon zaren, in na dawo daga masallaci zan shigo.